Wariyar Launin Fata a Jihar Alabama: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Aka Ƙulla Ta da Yadda Aka Kwance Ta

Duk wanda ya taɓa jin labarin Rosa Parks, ko ya ga hoton karnukan 'yan sanda suna yagar rigar wani matashi, ko hoton mutane a kan gada ana bin su da kulake, to Alabama ya gani. Abin da hotunan ba sa nunawa shi ne takardun da ke ƙarƙashi: dokar haraji, fom ɗin rajista, taswirar mazaɓu, yarjejeniyar noma. A nan ne aka ƙulla wariyar, nan ne kuma kwance ta ya fi wuya.

Ina Alabama take, kuma me ya sa sunanta ya yi fice a wannan batu?

Jiha ce a kudancin Amurka, tsakanin Mississippi da Georgia. Ta zama jiha a 1819. Tsakiyarta akwai wani zirin ƙasa mai baƙin laka wanda auduga ke so, shi ya sa masu gonaki suka cika shi da bayi. A ƙidayar 1860 bayi sun kai kusan 435,000, wato kashi 45 cikin ɗari na mutanen jihar. A wannan shekarar ce ma jirgin Clotilda ya shigo gaɓar Mobile a ɓoye da mutum wajen 110 da aka sayo a Widah, cikin Jamhuriyar Benin ta yau, fiye da shekara 50 bayan an haramta shigo da bayi. Da jihohin kudu suka ɓalle a 1861, Montgomery, babban birnin Alabama, ce ta fara zama hedkwatar waɗannan 'yan awaren. Birmingham da za ta riƙa fitowa a nan kuwa ta Alabama ce, ba ta Ingila ba.

Ai an 'yanta bayi a 1865. Me ya hana magana ta ƙare a nan?

An gyara kundin tsarin mulkin Amurka sau uku: 1865 aka soke bauta, 1868 aka ba da 'yancin zama ɗan ƙasa, 1870 aka haramta hana namiji ƙuri'a saboda launinsa. Kuma na ɗan lokaci abin ya yi aiki. Baƙaƙen fata uku daga Alabama, Benjamin Turner da James Rapier da Jeremiah Haralson, sun je majalisar wakilai ta tarayya. A 1874 tsofaffin masu mulki suka ƙwace jihar da tsoratarwa da maguɗi.

Amma tun kafin siyasa, tattalin arziki ya riga ya ɗaure mutane. An saki bawa ba gona, ba alfadari, ba iri. Sai ya koma wurin mai ƙasa a kan kashi-mu-raba: mai gona ya ba da fili da garma, manomi ya ba da ƙarfinsa da na iyalinsa. Abinci da sutura kuma a kantin mai gonar ake ɗauka bashi, da amfanin da bai ko tsiro ba a matsayin jingina. Littafin lissafi na hannun mai gona, shi ke auna auduga, shi ke sayarwa. Ƙarshen kaka sai a ce wa manomi bashi ya cinye rabonsa har da saura. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hanya ta biyu ta fi muni, wato ba da hayar fursunoni. A kama mutum da laifin zaman banza, a ci shi tarar da ba zai iya biya ba, a ɗora masa kuɗin kotu, sannan a ba kamfanin haƙar kwal hayarsa. Gwamnatin jiha da ta gundumomi suka mai da wannan babbar hanyar samun kuɗin shiga. A 1911 mahaƙar Banner ta fashe, mutum 128 suka mutu, yawancinsu baƙaƙen fursunoni. Alabama ce jiha ta ƙarshe da ta daina wannan haya, a 1928.

Tunda kundin tarayya ya hana a hana mutum zaɓe saboda launi, ta yaya aka yi aka hana su?

Ta hanyar rubuta dokar da ba ta ambaci launi ba. A 1901 wakilai 155, dukkansu fararen fata, suka taru a Montgomery don rubuta sabon kundin jiha. Shugaban taron, John Knox, bai ɓoye ba: ya ce sun zo ne su kafa fifikon farar fata a jihar ba tare da sun karya kundin tarayya ba. Ga tarkunan da suka ɗana.

Na farko, harajin ƙuri'a: dala 1 da santi 50 kowace shekara ga namiji mai shekara 21 zuwa 45. Kuɗin kamar ba yawa, amma yana taruwa. Wanda bai taɓa biya ba, in ya kai 45 yana son jefa ƙuri'a, sai ya kawo dala 36 a dunƙule, kuma manomin kashi-mu-raba yana iya shekara bai riƙe tsabar kuɗi kamar haka ba. Ana biya ne tsakanin 1 ga Oktoba da 1 ga Fabrairu, lokacin da babu wanda ke tunanin zaɓe. Wayon da ke ciki shi ne, shi kaɗai ne harajin da gwamnati ba ta aika kowa ya karɓa. So ake ka manta.

Na biyu, sharaɗin zama: shekara biyu a jiha, shekara ɗaya a gunduma, wata uku a mazaɓa. Wannan na masu ƙaura ne daga gona zuwa gona bayan kowace kaka.

Na uku, ko dai mutum ya iya karantawa da rubuta kowane sashe na kundin Amurka, kuma ya kasance yana da aikin yi a yawancin shekarar da ta wuce, ko kuwa ya mallaki eka 40 ko dukiyar dala 300.

Na huɗu, jerin laifuffukan da ke soke ƙuri'ar mutum har abada, waɗanda aka zaɓo daga cikin ƙananan laifukan da aka fi tuhumar baƙaƙe da su.

Don kada fararen talakawa su yi bore, aka buɗe musu ƙofar wucin gadi: tsohon soja ko zuriyarsa na iya yin rajistar har abada kafin 1903. Abin dariya, in da ba abin kuka ba ne, ƙuri'un da suka tabbatar da kundin sun fito ne daga gundumomin da baƙaƙe suka fi yawa. Akwatunan suka nuna wai mutane sun yi dafifi sun zaɓi a ƙwace musu ƙuri'a. Sakamako: daga baƙaƙe wajen 181,000 da suka cancanci zaɓe a 1900, waɗanda ke cikin rajista a 1903 ba su kai 3,000 ba. Fararen talakawan ma ƙofar ba ta cece su daga haraji ba, dubun-dubatarsu suka faɗi daga rajista a shekarun da suka biyo.

Wani baƙar fata mutumin Montgomery, Jackson Giles, ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka a 1903. Kotun ta ce in tsarin rajistar duk zamba ce kamar yadda ya faɗa, to ba za ta saka sunansa a cikin zamba ba. Da wannan amsa aka sallame shi.

To, wanda ya iya karatu, ya biya haraji, ya cika komai fa?

Nan ne aikin ya koma hannun mutum uku, 'yan hukumar rajista ta gunduma, waɗanda hukuncinsu shi ne ƙarshe. A duba yadda abin yake a Selma, gundumar Dallas, farkon shekarun 1960. Ofishin yana buɗewa kwana biyu a wata, Litinin ta farko da ta uku. Sai mutum ya bar aiki, kuma kafin la'asar maigidansa ya ji inda ya tafi. Ya tsaya a layi a ƙofar kotun gunduma, sherif Jim Clark, wato shugaban 'yan sandan gundumar, da yaransa na kai-komo da kulake. Ma'aikatan su zo a makare, su tafi cin abinci su daɗe. In an kira shi ciki, ga fom mai shafuka, ga tambayoyi kan tsarin gwamnati, ga sashen kundi da za a karanta masa ya rubuta. Sannan sai ya kawo wanda ke cikin rajista ya tsaya masa shaida; a gundumar Lowndes, inda babu baƙin mutum ko ɗaya a rajista a farkon 1965 duk da cewa su ne kusan kashi 80 cikin ɗari, wa zai tsaya masa? Bayan makonni takarda ta zo cewa ya faɗi, ba tare da an ce ga inda ya kuskure ba. Ran 7 ga Oktoba 1963 sama da mutum 300 suka yini a wannan layi, aka hana a kai musu ruwa, aka ce wanda ya fita layi ya rasa gurbinsa. 'Yan kaɗan ne suka samu shiga. A cikin baƙaƙe kusan 15,000 da suka isa zaɓe a gundumar, masu rajista ba su wuce kashi 2 cikin ɗari ba.

A Tuskegee kuwa, inda malaman kwaleji da ma'aikatan asibitin tsofaffin sojoji suka fi ƙarfin jarrabawar, sai majalisar jiha ta sake zana iyakar garin a 1957. Gari mai kusurwa huɗu ya koma mai gefe 28. Cikin baƙaƙen masu zaɓe wajen 400, huɗu ko biyar kawai suka rage a ciki, kuma ko bature ɗaya bai fita ba. Kotun Ƙoli ta rushe wannan a 1960, a shari'ar Gomillion da Lightfoot.

A rayuwar yau da kullum, yaya wariyar take?

Dokokin da ake kira Jim Crow sun samu daurin gindi daga hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Plessy na 1896, wanda ya ce a raba, muddin an daidaita. Rabawar aka yi, daidaitawar aka bari. Dokar birnin Birmingham ta ce gidan abinci ba zai ciyar da fari da baƙi a ɗaki ɗaya ba sai an gina katanga daga ƙasa zuwa aƙalla ƙafa bakwai, da ƙofar shiga daban. Ta haramta musu yin karta ko dara tare, daga baya aka ƙara da ƙwallo. Famfon sha, banɗaki, ɗakin jiran jirgi, maƙabarta, duk biyu-biyu.

Akwai kuma dokar da ba a rubuta ba: a kira dattijo baƙi da sunansa tsirara ko a ce masa yaro, shi kuwa ya cire hula ya bi ta ƙofar baya. Mai tsaron wannan doka shi ne kisan gilla. An tattara bayanan sama da mutum 300 da gungun mutane suka kashe a Alabama tsakanin 1877 da 1950. Gidajen baƙaƙe da majami'unsu a Birmingham sun sha bam kusan sau 50 daga 1947 zuwa 1965. Kotuna ma ba mafaka ba ce: a 1931 aka yanke wa takwas daga cikin samari tara na Scottsboro hukuncin kisa cikin 'yan kwanaki bisa zargin fyaɗe na ƙarya. Daga wannan shari'a Kotun Ƙoli ta fitar da ƙa'idoji biyu, haƙƙin samun lauya na gaske a shari'ar kisa a 1932, da haramcin ware baƙaƙe daga masu taya alƙali yanke hukunci a 1935.

Mene ne gaskiyar maganar gwajin Tuskegee?

Hukumar lafiya ta tarayya ce ta yi shi, daga 1932 zuwa 1972, a gundumar Macon. Maza 600 baƙaƙe, 399 masu ciwon tunjere, 201 marasa shi. Ba a gaya musu sunan ciwon ba, an ce jininsu ne ya ɓaci. Da maganin fenisilin ya samu a shekarun 1940, aka ƙi ba su, don a ga yadda ciwon ke cin jiki har mutuwa. Sai da jarida ta fallasa aka daina. Shugaba Clinton ya nemi gafara a 1997.

Yaya aka tafiyar da ƙaurace wa bas a Montgomery har fiye da shekara?

A fara da yadda bas ɗin take. Kujeru goma na gaba na fararen fata ne ko da babu kowa a kai. Baƙin fasinja ya hau ta gaba ya biya santi 10, ya sauka, ya zagaya ya shiga ta baya. Wani direban kan ja mota kafin ya kai. Kujerun tsakiya baƙi na iya zama, amma in gaba ta cika sai layi guda ya tashi don mutum ɗaya, saboda ba a yarda su jeru ba. Haka ya faru ran 1 ga Disamba 1955: aka ce mutum huɗu su tashi, uku suka tashi, Rosa Parks ta ƙi. Ba gajiya ce ta zaunar da ita ba, sakatariyar reshen NAACP ce, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta shekara da shekaru. Wata tara kafin ita an kama Claudette Colvin, yarinya 'yar 15, a kan abu ɗaya.

A daren da aka kama Parks, Jo Ann Robinson, malama a kwalejin baƙaƙe ta garin, ta kwana tana buga dubun-dubatar takardun kira, ƙungiyar matansu ta rarraba su washegari. Ran 5 ga wata aka ci Parks tarar dala 10 da kuɗin kotu dala 4, basa-basai suka yini fayau, da yamma aka kafa ƙungiya aka ɗora wani sabon fasto ɗan shekara 26, Martin Luther King. Buƙatun farko ma ba su nemi a soke wariya ba: ladabi daga direbobi, wanda ya riga zama ya zauna (baƙaƙe daga baya, farare daga gaba), da ɗaukar baƙaƙen direbobi a unguwanninsu. Hukumar gari ta ƙi ko wannan.

Ƙarfin masu ƙauracewar shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjojin su ne. Matsalarsu kuma ita ce yadda dubban mutane za su isa wurin aiki kullum. Da farko 'yan tasi baƙaƙe suka riƙa ɗaukar mutane a kuɗin bas, sai gari ya tuno da dokar da ta ce tasi ba ta karɓar ƙasa da santi 45. Sai aka haɗa motocin mutane wajen 300, da tashoshin ɗauka da saukewa sama da 40, ana fara jigila tun asuba. Majami'u suka sayi motoci masu dogon baya. Kamfanonin inshora suka soke musu takardu, sai aka nemo inshora daga Landan. 'Yan sanda suka bi direbobi da tara a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Kuɗin mai yana fitowa daga taron majami'a na Litinin da Alhamis, da mata irin su Georgia Gilmore masu sayar da abinci suna kawo ribar. Da yawa kuma ƙafa suka sa. An jefa bam gidan King ran 30 ga Janairu 1956, a Fabrairu aka gurfanar da kusan mutum 90 da wata tsohuwar dokar hana ƙauracewa ta 1921.

Ƙafa ce ta ci nasarar ko kotu?

Hukuncin kotu ne ya soke dokar. Lauya Fred Gray ya lura cewa ƙarar Parks za ta maƙale a kotunan jiha, sai ya shigar da sabuwa a kotun tarayya da sunan wasu mata huɗu, cikinsu har da Colvin. Ita ce shari'ar Browder da Gayle. A Yuni 1956 alƙalai biyu cikin uku suka ce wariyar bas ta saɓa wa kundi. Ran 13 ga Nuwamba Kotun Ƙoli ta tabbatar, a daidai ranar da hukumar gari ke samun umarnin rufe jigilar motocin. Don haka makonni biyar na ƙarshe da ƙafa aka yi su, har takardar hukunci ta iso ran 20 ga Disamba, bayan kwana 381. A ganinmu raba su biyu kuskure ne. Ba don ƙauracewar ba, da hukuncin ya kwanta a takarda kamar na makarantu, wanda aka yanke a 1954 amma ba a ga yaro baƙi ko ɗaya a makarantar fararen Alabama ba sai Satumba 1963.

Jihar ta rama. A Yuni 1956 aka dakatar da NAACP, aka nemi ta miƙa sunayen 'ya'yanta, ta ƙi, aka ci ta tarar dala 100,000. Ba ta dawo aiki a Alabama ba sai 1964. Wannan giɓi ne ya sa shugabanci ya koma hannun fastoci irin su Fred Shuttlesworth na Birmingham.

Me ya sa aka sa yara a zanga-zangar Birmingham ta 1963?

Saboda manya sun ƙare. An fara ran 3 ga Afrilu da nufin taɓa aljihun 'yan kasuwa a lokacin cinikin Ista, amma magidanci da aka kama zai rasa aiki, kuɗin beli kuma ya yi ƙasa. An kulle King kansa ran 12 ga wata. James Bevel, wani na hannun daman King, ya kawo shawarar 'yan makaranta, waɗanda ba su da aikin da za a kore su. Ran 2 ga Mayu suka riƙa fitowa daga majami'ar titi na 16 hamsin-hamsin. Kafin a gama loda wani rukuni a mota, wani ya fito. Aka kama ɗaruruwa, gidajen yari suka cika. Washegari kwamishinan tsaron birnin, Bull Connor, da ya rasa inda zai zuba su, ya sa 'yan kwana-kwana su buɗe musu mesa, ya saki karnuka. Hotunan suka zagaya duniya a watan da shugabannin Afirka ke taruwa a Addis Ababa, har Milton Obote na Uganda ya rubuta wa Shugaba Kennedy wasiƙar suka.

Ran 10 ga Mayu 'yan kasuwa suka amince: a cire wariya a wuraren cin abinci da banɗakuna da ɗakunan gwada kaya cikin kwana 90, a fara ɗaukar baƙaƙe aikin kanti. An soki shawarar sa yara a lokacin, har daga cikin baƙaƙen fata, kuma sukar tana da hujja. Ran 11 ga Yuni Gwamna George Wallace, wanda ya yi rantsuwar kama mulki da alkawarin wariya yau, gobe da har abada, ya tsaya a ƙofar Jami'ar Alabama don hana Vivian Malone da James Hood shiga, sannan ya kauce da aka kawo sojoji. Ran 15 ga Satumba 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar ta'addanci ta masu ra'ayin fifikon farar fata, suka tayar da bam a waccan majami'ar, suka kashe 'yan mata huɗu: Addie Mae Collins, Cynthia Wesley, Carole Robertson, 'yan shekara 14, da Denise McNair mai 11.

Dokar 'yancin jama'a ta 2 ga Yuli 1964 ta haramta wariya a otal, gidan abinci da wurin aiki. Wani mai gidan gasa nama a Birmingham ya ƙalubalance ta, yana cewa shi cinikin unguwa yake yi, ba ruwan tarayya da shi. Kotun Ƙoli ta ce kusan rabin abincin da yake saya nama ne da ya tsallako daga wata jiha, don haka dokar ta hau kansa.

Me Selma ta ƙara a kai?

Ƙuri'a. A Fabrairu 1965 ɗan sandan jiha ya harbi Jimmie Lee Jackson a garin Marion, ya mutu bayan kwana takwas. Ran 7 ga Maris mutum wajen 600, John Lewis da Hosea Williams a gaba, suka nufi Montgomery a ƙafa. A gindin gadar Edmund Pettus aka tare su da kulake, dawakai da barkonon tsohuwa. Bayan kotu ta ba da izini, aka yi tattakin kilomita 87 daga 21 zuwa 25 ga Maris, da sharaɗin kada a wuce mutum 300 inda hanya ta ƙuntata. A ranar ƙarshe sun kai 25,000. A daren aka harbe Viola Liuzzo, baturiya daga Detroit da ke mai da mutane gida a motarta.

Dokar 'yancin zaɓe ta 6 ga Agusta 1965 ta bambanta da na baya ta fuska uku. Ta dakatar da jarrabawa kwata-kwata a duk jihar da ke amfani da ita kuma masu zaɓenta ba su kai rabi ba a 1964. Ta ba da ikon aika jami'an tarayya su yi rajista da kansu, kuma cikin kwanaki suka sauka a gundumomin Dallas, Lowndes, Hale da Marengo. Ta kuma juya nauyin hujja: kafin jiha ta canza ko da wurin rumfar zaɓe, sai ta nemi izini daga Washington. A da, sai a shekara ana shari'a a kan dabara ɗaya, ranar da aka rushe ta a fito da wata. Rajistar baƙaƙe a Alabama ta tashi daga kashi 19 zuwa kusan 52 cikin ɗari a shekara biyu. Harajin ƙuri'a ya faɗi a kotu a 1966.

Daga nan komai ya daidaita?

Tsugune ba ta ƙare ba. A Lowndes masu gonaki suka kori waɗanda suka yi rajista, iyalai suka zauna a tantuna a bakin hanya. A zaɓen 1966 a gundumar Dallas an yi ƙoƙarin zubar da akwatuna shida na unguwannin baƙaƙe don ceton Jim Clark, kotun tarayya ta ce a ƙirga, ya faɗi. Baƙaƙe suka fara cin kujeru: a shekarar aka zaɓi Lucius Amerson sherif a Macon. Fred Gray da Thomas Reed suka shiga majalisar jiha a 1970, Richard Arrington ya zama magajin garin Birmingham a 1979. Selma ba ta samu magajin gari baƙar fata ba sai 2000, Montgomery sai 2019.

Sabuwar dabarar ita ce narkar da ƙuri'a: a soke zaɓen kansila unguwa-unguwa, a ce duk gari ne zai zaɓi kowane kansila, yadda rinjayen farare zai cinye kujerun duka. Sai da majalisar tarayya ta gyara dokar 'yancin zaɓe a 1982, ta ce sakamako za a duba ba niyya kaɗai ba, sannan aka tilasta wa ƙananan hukumomi fiye da 100 a jihar komawa mazaɓu.

Makarantu kuwa, da kotu ta ba da umarni ga jihar baki ɗaya a 1967, iyaye farare da yawa suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi da aka buɗe don wannan, ko suka koma bayan gari suka kafa hukumar ilimi tasu. Ko a 2018 sai da kotun ɗaukaka ƙara ta hana garin Gardendale ɓallewa daga makarantun gundumarsa, bayan an tabbatar launi na cikin dalilan.

Wane ne Frank Johnson da sunansa ke yawan fitowa?

Alƙalin kotun tarayya ne a Montgomery daga 1955, bature ɗan arewacin jihar, abokin karatun Wallace a makarantar lauyoyi. Yana cikin biyun da suka yanke hukuncin bas, shi ya ba da izinin tattakin Selma. Gyaran da ya yi ya wuce batun launi. A 1972 ya gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗan kula da masu taɓin hankali, bayan an gano asibitin jiha na Tuscaloosa na riƙe da majinyata kusan 5,000 ba magani na kirki. A shekarar kuma ya umarci rundunar 'yan sandan jiha, wadda ba ta taɓa ɗaukar baƙi ba, ta riƙa ɗaukar baƙi ɗaya ga kowane fari ɗaya har su kai kashi 25. A 1976 ya ce yanayin gidajen yarin jihar azaba ce da kundi ya hana. An sa bam a gidan mahaifiyarsa a 1967.

An hukunta masu kisan?

Kaɗan, kuma a makare. Na bam ɗin majami'a: Robert Chambliss a 1977, Thomas Blanton a 2001, Bobby Frank Cherry a 2002. Abin da ya karya babbar ƙungiyar Klan ta jihar ƙarar diyya ce: bayan 'ya'yanta sun kashe wani matashi baƙar fata, Michael Donald, a Mobile a 1981, mahaifiyarsa ta ci dala miliyan 7 a 1987, ƙungiyar ta miƙa mata ginin hedkwatarta.

Me ya rage daga kundin 1901?

Sashen hana auren fari da baƙi ya zauna a rubuce har 2000, kuma kusan kashi 40 na masu zaɓe suka ce a bar shi. Yunƙurin goge sashen raba makarantu ya faɗi a 2004 da 2012, sai a 2022 aka share kalmomin wariya. Abin da ba a taɓa ba shi ne ƙashin bayan kundin: ƙayyade harajin filaye da gonaki, wanda ya sa na Alabama ke cikin mafi ƙanƙanta a Amurka, makarantun gundumomin karkara kuma suke fama da rashin kuɗi, da tattare iko a Montgomery yadda gunduma ba ta iya yin abu da yawa sai da yardar majalisar jiha.

Sharaɗin neman izini daga Washington ma daga Alabama aka kashe shi: gundumar Shelby ta kai ƙara, a 2013 alƙalan Kotun Ƙoli 5 cikin 9 suka soke ma'aunin da ke tantance jihohin da ya shafa. A 2023 kuma kotun ta ba mutane mamaki a shari'ar Allen da Milligan. Baƙaƙe kusan kashi 27 ne na jihar, amma a lokacin mazaɓa ɗaya ce cikin bakwai na majalisar wakilai ta tarayya suke da rinjaye. Kotu ta ce a zana ta biyu, majalisar jiha ta ƙi, aka naɗa masani ya zana. A zaɓen 2024 Shomari Figures ya ci kujerar, Alabama ta tura baƙaƙe biyu majalisar wakilai a lokaci guda karo na farko.

Sunayen tituna da gumakan 'yan aware fa?

Gadar Selma tana ɗauke da sunan janar ɗin sojan 'yan aware ne, wanda kuma ya yi shugabancin Klan a jihar. Dokar jiha ta 2017 ta sa tarar dala 25,000 ga garin da ya cire gunki ko ya canza sunan da ya shekara 40. Birmingham ta tumɓuke nata ginshiƙin a 2020 ta karɓi tarar. A 2021 Montgomery ta cire sunan Jefferson Davis, shugaban 'yan aware, daga wani titi, ta sa na Fred Gray, wanda a kan titin ya girma. Ita ma aka aiko mata da takardar tarar dala 25,000.